Daga rumbu zuwa hanta: gubar gyaɗa da masara na haddasa cutar daji, rigakafi ya yi ƙaranci

Da zarar kaka ta yi a Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, ana baza gyaɗa da masara a kan tsurar ƙasa don su bushe. Idan ruwan ƙarshen damina ya taɓa su, ko aka zuba su a rumbu da sauran danshi, wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus kan kama su, ta bar gubar aflatoksin. Girki da suya ba sa kawar da ita. Mai kyau ta tafi Dawanau, 'yar tsintar da aka ware kuwa ta koma ƙuli-ƙuli da miyar gida.

An gano gubar ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta sanya ta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar ga ɗan Adam.

Idan gubar ta isa hanta, takan rikiɗe ta manne wa DNA, zaren nan mai igiya biyu da ke ɗauke da umarnin gina jiki. Jiki na da masu gyara. Cikinsu akwai sunadaran helikes, waɗanda ke warware igiyoyin biyu tamkar mai warware tufka. Biyu daga cikinsu, XPB da XPD, ke buɗe wurin da ya lalace domin a yanke shi a cike gurbin. Don fahimtar wannan aiki, masu bincike kan dasa umarnin ƙera helikes cikin bakteriya ko ƙwayoyin halittar ƙwari, su samu tsantsarsa su gwada. Hanyar ta fara biyan bukata: a 2019 aka gano cewa wasu nau'o'in dajin hanji da tumbi ba sa rayuwa sai da helikes mai suna WRN, kuma tuni aka shiga gwajin magungunan da ke toshe shi.

Sai dai gyaran jiki yana da iyaka. Idan ɓarna ta yi yawa, wata takan kuɓuce. A 1991 masu bincike suka gano tabo iri ɗaya a ƙwayar gado ta TP53, mai taka wa daji birki, a hantar majinyata daga Qidong ta ƙasar Sin da kudancin Afirka. Binciken da aka yi a Gambiya ya nuna cewa haɗarin na ninkuwa matuƙa idan gubar ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a Najeriya.

A nan ne maganar ta zama ta siyasa. Rigakafin ciwon hanta B ya shiga jerin alluran yara na ƙasa a 2004, kuma allurar farko ta fi amfani cikin awa 24 da haihuwa. A karkarar da mata da yawa ke haihuwa a gida, jarirai kan rasa ta. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a hekta kafin amfani ya yi fure, yana kuma rage gubar da sama da kashi 80 cikin 100. Amma manomin da kasuwa ba ta ƙara masa ko kwabo don tsabtar gyaɗarsa ba shi da dalilin sayensa. Gwaji na tsananta ne kan kayan da za su tafi Turai. Wanda za a ci a gida, mudu kawai ake dubawa.

Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina cibiyar cutar daji a Giginyu, kuma ana bukatarta. To amma dajin hanta kan bayyana ne bayan ya ci ƙarfin jiki, lokacin da na'ura ba ta da abin yi sosai. Tampol na shanya, malamin gona, na'urar gwaji a Dawanau da ungozomar da za ta kai jariri allura ranar haihuwa ba su da ƙyallen yankawa a bikin buɗewa. Su ne ya kamata matasa su nema, layi bayan layi, a kasafin noma da lafiya na Jihar Kano kafin majalisa ta amince da shi.