Katin maki da hutun manomin rani: lissafin da na yi kafin in sa hannu

1/ Jama'a, saura ƙiris in ɗauko wa kaina bashin da ba na noma ba, don kawai in je Misra in yi hoto. Allah Ya taimake ni na tsaya na yi lissafi. Zan ba ku labarin, musamman ku samarin Kura, Bunkure da Garun Malam da kuka fara riƙe kuɗin shinkafa. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/ Ni manomi ne. Eka uku nake nomawa a bakin kanal, ɓangaren Bunkure, da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga. Shinkafa damina da rani, tumatir kaɗan lokacin sanyi. Kuɗi na shigo min sau biyu a shekara, in an yi sa'a sau uku. Ku riƙe wannan, a kansa maganar take.

3/ Da sallah wani abokina da muka yi makaranta tare ya zo gida. Aikin albashi yake yi a Abuja. Muna zaune ya buɗe waya yana nuna min hotunansa a Alƙahira. Ya ce, "Mutumina, tikitin nan fa ban biya ba, maki ne." Na ce maki kuma? Jarrabawa ka yi?

4/ Ga wanda bai sani ba: wani irin katin bashi ne na banki. Ba kuɗinka kake kashewa ba, banki ke biya maka, ƙarshen wata ka mayar. Duk sayayyar da ka yi da shi ana rubuta maka maki. In makin ya taru sai ka canza shi da tikitin jirgi ko ɗakin otal.

5/ Akwai kuma tukuicin sabon shiga. A ce maka in ka kashe kaza cikin watannin farko, za a zuba maka maki mai yawa lokaci guda. Nan ne zuciyata ta fara rawa.

6/ Na ce to ai ni na fi abokina kashe kuɗi! Taki, iri, maganin ciyawa, man injin ban ruwa, kuɗin tarakta, kuɗin injin girbi. In na bi da duk wannan ta katin, kafin shinkafa ta nuna na tara tikiti. A daren nan har na fara duba otal kusa da kogin Nilu, wallahi.

7/ Washegari na ɗauki biro da bayan kwalin magani na fara lissafi. Tambaya ta farko: wa zai karɓi katin? Matan da ke min dashe kuɗi a hannu suke so kafin magariba. 'Yan ƙwadagon cirar ciyawa haka. Mai tarakta taransifa. Dilan taki a kasuwar Kura taransifa ko tsaba.

8/ Wato mafi yawan abin da nake kashewa ba ya bi ta na'urar goga kati. Za ka ce sai in cire tsabar kuɗi da katin. To a yawancin irin waɗannan katuna, cirar tsaba ba ta da maki, akwai caji a kanta, kuma kuɗin ruwa na fara hawa tun ranar da ka cira.

9/ Tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: yaushe zan biya? Katin bashi agogon wata yake bi. Ana ba ka wata guda da 'yan kwanaki ka biya duka ba tare da ƙari ba. Ka wuce wannan wa'adin, ruwa ya fara.

10/ Ita kuwa shinkafa ba ta san ƙarshen wata ba. Ko Faro 44 da muke yabo da saurin nuna, sai ta ci wajen wata huɗu. Bayan girbi a busar, a zuba a buhu, sannan a jira farashi. Abokina albashinsa na faɗowa duk wata. Ni kanal ce ma'aikatata, kuma ba ta biyan albashi.

11/ Mu ƙaddara lissafi, misali ne kawai, kowa ya duba takardar bankinsa. Ka kashe miliyan ɗaya. A ce darajar makin da za ka samu ta kai kashi 2 cikin ɗari, wato ₦20,000. A ce kuɗin ruwan katin kashi 3 ne a wata, wato ₦30,000.

12/ Wata ɗaya kacal na jinkiri ya cinye makin har da ƙari. Wata huɗu na jiran shinkafa, ₦120,000, ba a ma sa ruwan da ke hawa kan ruwa ba, ba a sa kuɗin shekara na katin ba. Ka biya dubu ɗari da ashirin don a ba ka kyautar dubu ashirin. Wane irin ciniki ne wannan?

13/ Kuma kada ku ce na tsananta. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. In wannan ne ma'aunin da bankuna ke kallo, me kake zaton za su ɗora wa saurayin da ya ci bashi ba jingina don zuwa hutu?

14/ Za ka ce ai da an girbe sai a biya. To wa ya ba ka tabbacin farashi? A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa. Mai saye ya ji daɗi. Mu da muka sayi taki da tsada mun ga yadda shanshera ta faɗi a 2025.

15/ Tumatir kuwa ba sai an faɗa ba. Duk wanda ya taɓa kai kaya Kwanar Gafan lokacin da kowa ya kawo nasa, ya san yadda kwando ke komawa kamar kyauta. A 2016 tsutsar nan ta cinye gonaki har kamfanin tumatir na Kadawa sai da ya tsaya don rashin kaya.

16/ Shekarar da gona ta ƙi, dilan taki da ya san mahaifinka zai iya cewa "bari sai baɗi". Kati bai san mahaifinka ba.

17/ Tambaya ta uku: da wane kuɗi zan biya, naira ko dala? Otal, abinci, mota, duk abin da ka goga a waje da kuɗin waje ake lissafa shi. Wasu katunan ma da dala kai tsaye ake bin ka.

18/ Ku tuna, tsakiyar 2023 dala na wajen ₦750 a Wapa. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura ₦1,500. Wanda ake bi dala dubu ɗaya, bashinsa ya ninka yana kwance a ɗakinsa, bai ƙara cin ko ƙosai ba. Buhunan shinkafarsa kuwa ba su haihu ba.

19/ Sannan dokar kashe kuɗi a waje na iya canzawa kana tsakiyar shiri. A 2022 bankuna suka yi ta rage abin da katin naira zai iya saya a waje har wasu suka tsaya a dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Sai a Yulin 2025 wasu suka sake buɗewa.

20/ Tambaya ta huɗu: makin nan na waye? Buhun da ke rumbuna nawa ne, in na ga dama in sayar, in na ga dama in ci. Maki lamba ce a kwamfutar kamfani. Su ke yanke darajarsa, su ke sa masa wa'adi, su ke faɗin ranar da akwai kujera.

21/ Misali a fili: a ƙarshen 2022 Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗinsa da suka maƙale a nan, Daular Larabawa kuma ta daina ba 'yan Najeriya biza. Sai Oktoban 2024 jirgin ya dawo Legas. Wanda ya tara maki don Dubai kusan shekara biyu yana kallon lamba a waya.

22/ Ko an ba ka tikitin maki, ba kyauta ba ne duka. Haraji da cajin filin jirgi kai za ka biya. Biza kai. Fasfo kai. In jirgin da makinka ke aiki a kansa ba ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, kuɗin zuwa Abuja ko Legas ma kai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

23/ Abokina ma da na matsa shi da tambaya ya yi dariya ya ce gaskiya tikitin ne kawai. Sauran duk aljihunsa ne. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a hoton Instagram.

24/ Tambaya ta biyar: in na kasa biya fa? Da can mutum kan gudu ya buɗe asusu a wani banki. Yanzu BVN ta ɗaure mu wuri guda. Tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga asusunka na wasu bankunan.

25/ Ku hango abin. Ka sayar da shanshera, alat ya shigo, ka shirya gobe za ka biya taki da 'yan dashe. Da asuba ka duba, an kwashe na hutun bara. Lokacin shuka kuma ba ya jiran kowa. Hutun sati ɗaya ya cinye noman rani guda.

26/ Sunanka kuma ya shiga rajistar masu taurin bashi. Ranar da ka je neman rancen gaske, na injin ban ruwa ko na faɗaɗa gona, wannan tarihin zai riga ka shiga ofis.

27/ Akwai maganar riba, kuma ba ƙarama ba ce a wajenmu. Wani zai ce ai zan biya kan lokaci, ruwa ba zai hau ba. To amma takardar da za ka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin ruwa, kuma malamai sun yi magana a kan hakan. Ni ba malami ba ne. Kai wa malaminka takardar kafin ka sa hannu.

28/ Don adalci: katin na da amfaninsa. Ya fi yawo da tsabar dala a aljihu tsaro. Otal da yawa a waje suna neman kati kafin su ba ka ɗaki. Mai albashi tsayayye, wanda dama zai yi sayayyar, kuma yake biya duka kowane wata, shi maki riba ce a gare shi. Abokina bai yi wauta ba.

29/ Wautar da ni na kusa yi ita ce ɗaukar rigar da aka ɗinka wa mai albashi in ce sai na sa. Banki ba don Allah yake raba maki ba. Ya san cikin masu karɓar katin akwai waɗanda za su makara, kuma ruwan da suke biya na daga cikin abin da ke ɗaukar nauyin tikitin wasu. Na duba, na ga ni ne wannan mai makarar.

30/ Da na ba Baba labari, sai da ya gama alwala sannan ya ce, "Kai yanzu in ka je ka dawo, me za ka sayar ka biya?" Na ce shinkafa. Ya ce, "Wacce? Wadda ba ka dasa ba?" Ban ƙara cewa komai ba.

31/ Kada a fahimce ni baibai. Hutu ba laifi ba ne. Iyayenmu da yawa sun tsufa a bakin kanal, tafiyarsu mai nisa ɗaya ce, aikin Hajji, wasu ma ba su samu ba. Mu muna son ganin duniya, kuma wanda ya yini cikin taɓo da sauro ya cancanci ya huta.

32/ Ga abin da na yi. Da na girbe, na ware buhu biyu na rubuta musu "hutu" da gawayi. Sai da na biya taki, na ajiye na iri, na cire na gida, sannan na sayar da su. Muka haɗa kuɗin mota mu huɗu muka tafi Yankari a Bauchi.

33/ Na shiga ruwan Wikki mai ɗumi na yi awa biyu ban fito ba. Birai suka sace mana burodi. Na dawo gida ba wanda ke bi na ko sisi. Misra tana nan, dalarta ta shekara dubbai a tsaye, ba za ta gudu kafin in tara buhu goma ba, in sha Allah.

34/ In duk da haka kana son katin, amsa waɗannan tsakaninka da Allah:
a) Kuɗin tafiyar suna asusunka yanzu, ko suna cikin gona?
b) Za ka iya biya duka a watan farko?
c) Da naira ake bin ka ko da dala?
d) Za ka sayi abin da ba ka buƙata don kawai cika maki?

35/ Ka kuma tambayi banki a rubuce: nawa ne ruwan wata, nawa ne kuɗin shekara, nawa ne tarar jinkiri, yaushe maki ke mutuwa, kuma da wane farashin dala suke lissafi. In ma'aikacin ya fara kwana-kwana, ɗauki hularka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

36/ Masu katin nan, musamman 'yan kasuwa da manoma irina, ku faɗa mana gaskiya a ƙasa: kun ci riba ko an ci ku? Wanda kuma ya san ƙaninsa ya fara riƙe kuɗin girbi, ya tura masa zaren nan kafin wani ya nuna masa hoto. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raba mu da bashin da ba dole.