Yaron da Aka Koya wa Shiru

A ƙasar Gobir, idan yaro ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, amsar manya ɗaya ce: "Nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi." Wani lokaci haka ne, yara da yawa kan makara daga baya su kamo tsararsu. Amma a Sabon Birni da Isa na yau, ba na jin wannan amsar ta wadatar.

Tun 2019 mutanen yankin ke gudun 'yan bindiga suna tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, kuma ba a manta harin Garki da ƙauyukan kewaye na watan Mayun 2020 ba. A tsakanin nan aka haifi yaran da kalmar da suka fi ji ita ce "yi shiru". Uwa ta kwana a jeji da goyo, tafinta a kan bakin ɗanta kada kukansa ya tona musu asiri. Wa zai ga laifinta? Sai dai dandali ya mutu, kaka mai tatsuniya tana wani gari, yayyen da ke tsokanar ƙaninsu har ya yi gwaranci sun watse. Yaro kuwa a bakin mutane yake tsintar magana. Ga kuma tamowa, wadda ke rage wa yaro kuzarin wasa, balle surutu.

Duk da haka, kafin a ɗora wa tsoro laifi, a duba kunne. Muna cikin yankin sanƙarau, ƙyanda ba ta bar mu ba, kuma kunnen da ke ɗigar ruwa wata da watanni yakan rage ji. Uwa, ki tsaya bayan ɗanki inda ba ya ganin ko inuwarki, ki kira sunansa a hankali. In kin maimaita a lokuta dabam-dabam bai waiwayo ba, asibiti za a nufa. Wanzami zai ce a yanke jijiyar ƙarƙashin harshe, alhali da wuya ita ce ke hana yaro fara magana, ga zubar jini a banza.

In kunne lafiya, maganin yana tsakar gida. Kina daka, ki faɗa masa: "Ga gero, ga turmi." Ya miƙa hannu wajen randa, kada ki yi saurin cika moɗa. Ki durƙusa ku haɗa ido, ki ce "ruwa?", ki ɗan jira. Ya ce "uwa", ki amsa da fara'a: "E, ruwa, ruwan sanyi." Ba dariya, ba gyara da tsawa. Iyaye maza ma, sallama da "ina yarona" ba hira ba ce. Wayar da ake miƙa masa don ya natsu kuwa ba ta amsa masa, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a nesanta 'yan ƙasa da shekara biyu da kallon allo.

Ga gwamnatin Sakkwato: akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma kowa ya san halin da hanyar take ciki, ga kuɗin mota. Masu rigakafi suna shiga gida-gida. A koya musu su riƙa tambayar uwa ko ɗanta yana waiwayowa in an kira shi, da yawan kalmomin da yake faɗi, sannan a riƙa turo masu gwajin ji zuwa manyan asibitocin Isa da Sabon Birni, ko da sau ɗaya a wata.