Ficewar Nijar Daga ECOWAS: Wa Zai Biya Kuɗin Fito?

Ran 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan shugabanninsu na soja sun ba da sanarwa. Ƙungiyar nan a Ikko aka kafa ta a 1975, bisa ƙoƙarin Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo. Waɗansu na ɗaukar al'amarin rigimar manya ce kurum. Alhali kuwa dillalin shanu a Ibadan da mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 su ne a bakin wuta.

Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar suka yarda amfanin gona da dabbobi da aikin hannu su riƙa ƙetare iyaka ba tare da kuɗin fito ba, a 1990 kuma aka haɗa da kayan masana'antu. Kayan ƙasashen waje kuwa, tun 2015 akwai harajin bai ɗaya da ke hawa kansu, daga babu har zuwa kashi 35 cikin ɗari. To, ƙasar da ta fita, a ƙa'ida ta zama baƙuwa. Albasar Galmi da waken Maraɗi da shanun da ke shigowa ta Illela da Jibiya da Maigatari za a iya yi musu lissafi irin na kayan Sin ko na Turai. Ko da yake kowa ya san ba a taɓa rasa abin biya a shingayen hanya ba, wannan daban ne, domin doka ce za ta ɗora shi.

Gaskiya ne a ranar ficewar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsari, a kuma girmama fasfo ɗinsu, har sai an ba da wata sanarwa. Amma abin da a da yake hakki ne a rubuce, ya koma alfarma, alfarma kuwa ana iya janye ta da takarda guda. A watan Maris 2025 ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigar musu daga waje. Kuɗin ba yawa, amma ƙofa ta buɗe.

An riga an ɗanɗana. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, kaya suka ruɓe, fatake suka koma ɓarauniyar hanya, sai a Maris 2024 aka buɗe. Iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500 ba ta tsaruwa. Haraji mai nauyi 'yan fasa-ƙwauri kaɗai zai azurta.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Tarayya ta nemi yarjejeniyar ciniki a rubuce tsakaninta da Yamai, wadda za ta ambaci dabbobi da hatsi da albasa da goro da sunansu. Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin kara su kai wannan buƙata ga wakilansu a Majalisar Tarayya tun kafin farashi ya motsa.