Ƙwadagon Abuja da Ƙwadagon Gona

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni manomi ne a Zakirai, ƙaramar hukumar Gabasawa. 'Ya'yana kan ce mini ɗan mazan jiya, ni kuwa ban taɓa musa sunan ba.

A wajenmu in an ce ɗan ƙwadago, ana nufin yaron da zai saɓa fartanya da sassafe ya yi maka noman fari ko maimai, ka sallame shi da rana tsaka. Ba shi da ƙarshen wata, ba shi da fansho, ba kuma wanda ya taɓa zama da gwamnati a kan haƙƙinsa. Amma in ka kunna rediyo ka ji an ce ƙungiyar ƙwadago, to, wasu mutane ne can daban, masu ofis da takardar albashi. Sun ɗauke mana suna, sun bar mana fartanya.

Ranar 3 ga Yuni 2024 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki, aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, aka tsayar da jiragen sama. (Batun wuta bai girgiza mu ba, da ma ita baƙuwa ce a nan.) A watan Yuli Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga baya Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce na Kano 71,000 ne. Ban yi wa kowa baƙin ciki ba. Malamin firamaren da ke koyar da jikokina ya cancanci fiye da haka, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haukace.

Abin da ke damuna shi ne na taɓa ganin irin wannan rawa. Ina saurayi a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, zamanin Janar Gowon, har da bashin watannin baya a dunƙule. Ma'aikata suka cika gari da sababbin kekuna da rediyoyi da babura. Kafin a je ko'ina mai shago ya ƙara, tela ya ƙara, mai mota ya ƙara. Mu da ba a ba mu ko sisi ba, muka biya sabon farashi daidai da wanda aka bai wa. Haka aka maimaita da naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019. Kasuwa tana jin sanarwa kafin kuɗi ya shiga aljihu, kuma ba ta tambayar mai saye ko yana ɗaukar albashi. Kuɗin da aka ƙara ba tare da an ƙara ko dami ɗaya na gero a rumbu ba, me zai saya in ba tsada ba?

Da aka ga abinci ya gagari mutanen birni, sai gwamnatin tarayya ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150, a wannan Yulin dai na 2024. Daga baya farashin hatsi ya faɗi a kasuwar Dawanau, taki kuwa yana nan inda yake. Mu nan gonakinmu ƙanana ne, kowa iyakarsa na goga ta maƙwabcinsa, ba ma da filin da za mu bari ya huta, sai dai taki. Ka sayar da buhun dawa, kuɗin su kasa sayen buhun takin da ya noma ta. Ban ji shugaban wata ƙungiya ya ba da wa'adin kwana bakwai a kan wannan ba.

Kada shugabanni su ɗauka ina wanke su ne. Wanda ya ce talaka ya ɗaure ciki, ba ya kyautu a gan shi yana raba wa 'yan majalisa motocin alfarma, ko yana sayen sabon jirgin shugaban ƙasa. Iyayenmu da suka tara dalar gyaɗa a Kano ba su ci abin da ba su noma ba, kuma maigida ne ke fara rage loma in shekara ta yi wuya.

Roƙona ga shugaban NLC, Malam Joe Ajaero, da abokan tafiyarsa shi ne yajin aiki ya zama makamin ƙarshe. Wata takwas malaman jami'a suka yi a gida a 2022, ɗan maƙwabcina ya dawo ya kama achaba, har yau bai koma aji ba. In za su sake zama da gwamnati, su ɗora farashin taki da gyaran hanyoyin karkara a kan tebur kafin su zo kan albashi. In kuma suna son ganin ɗan ƙwadago da idonsu, su zo Zakirai da damina, zan kai su gona.



Naku,
Wani dattijon manomi,
Zakirai, Jihar Kano.