Mita za mu saya wa yaranmu, ba taransistar Ingila ba



A zamanmu na ƙarshe wata 'yar magana ta cinye mana kusan awa guda, kuma tunda da yawa ba su samu halarta ba, muka ga ya dace mu kawo ta nan tare da matsayinmu a kai. Samari uku daga cikin masu koyon gyaran rediyo da amfilifaya a nan unguwa sun kawo takarda suna neman taimakon kuɗi daga asusun koyon sana'a. Abin da suke haɗawa shi ne ɗan akwatin nan da masu kaɗa gitar lantarki ke takawa da ƙafa, wanda ke sa muryar gita ta yi kauri da kaushi kamar rina ta shiga gwangwani. Masu abin suna ce masa faz. Sun riga sun haɗa guda biyu. Na farko shiru kake ji kamar an shuka dusa. Na biyu da safe daɗi, da azahar sai ya kama tari yana yanke sauti. Su a ganinsu matsalar ita ce ba su samu kayan asali ba, don haka suke so a yi musu odar wata tsohuwar taransista ta jamaniyam mai lamba NKT275 daga ƙasar waje.

Zauren ya rabu biyu. Wasu iyayenmu suka ce kuɗin sana'a ba na kiɗa ba ne. Wasu kuma suka ce a ba su kawai, kada a karya musu gwiwa. Mu ba fatawa muka zo bayarwa a kan kiɗa ba, wannan akwai masu ita. Abin da ke gabanmu yara ne da suka zauna da kansu suka ɗauki ƙarfen dalma suna haɗa da'irar lantarki, a lokacin da gyara a kasuwa ya kusa komawa cire allo a sa sabo. Irin waɗannan ba a korar su. Amma ba su kuɗin wannan odar ma cutar da su ne, kuma ga dalilinmu.

Shi wannan sauti da suke nema, asalinsa ɓacin na'ura ne. A 1960, a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Nashville ta Amurka, wani layi na na'urar haɗa sauti ya lalace ana cikin ɗaukar waƙar Marty Robbins, sai gitar Grady Martin ta fito da gurnani. Maimakon a goge, aka bar shi a faifan, mutane kuma suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, shi ne ya zauna ya ƙirƙiro da'irar taransista da za ta riƙa kawo wannan ɓacin da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da ita kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ba ta yi kasuwa sosai ba sai 1965, da Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da ita a waƙar Satisfaction. A 1966 kamfanin Arbiter na Landan ya fito da Fuzz Face, mai zagayayyen akwati, wanda Jimi Hendrix ya sa duniya ta san shi. Nan Legas ma abin bai wuce mu ba. Duk wanda ya taɓa jin faifan Try and Love na ƙungiyar Ofege, 'yan makarantar St Gregory's da ke Obalende, wanda ya fito a 1973, ya ji wannan gurnanin.

To Fuzz Face ɗin nan shi yaranmu ke kwaikwaya, kuma idan ka buɗe cikinsa sai ka yi dariya. Taransista biyu, resista huɗu, kafasita uku, maɓallan murɗawa biyu, batir mai bolt 9. Shi ke nan. Taransista ta farko tana ƙara ƙarfin siginar gita, ta miƙa wa ta biyu kai tsaye, ta biyun ta ƙara har abin ya fi ƙarfin batir, sai kan siginar ya yanke sama da ƙasa. Wannan yankewar ce kunne ke ji a matsayin kaushi. Sai wata resista mai 100k da ke dawo da ɗan abu daga ta biyu zuwa ta farko don su riƙe juna. Ƙanƙantar da'irar ce ta sa ta zama makaranta mai kyau, domin babu inda kuskure zai ɓuya. Kowace ƙafa kana iya ɗora mata mita ka tambaye ta.

Abin da yaran ba su yi ba ke nan. Da muka kai akwatunan biyu wurin dattijonmu mai gyaran rediyo, wanda ya fi shekara talatin a kan benci, tambayarsa ta farko ita ce, "'Ya'yana, nawa kuka samu a kan kolektar ta biyu?" Suka dubi juna. Babban cikinsu ya ce, "Baba, ai ba mu auna ba." Su ukun ba mai mita. Aro suke yi idan maigidansu ya fita sallah.

Na farkon, mai shiru, bai ɗauki minti biyar ba. Zanen da suka bi an yi shi ne da BC547, su kuma suka sa C945 da suka ciro daga tsohuwar rediyo, saboda sun ji an ce duk NPN ne. Gaskiya ne duk NPN ne, amma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba. Idan ka fuskanci gefen da ke da rubutu, ƙafafu na kallon ƙasa, BC547 daga hagu kolekta ce, sai bes, sai emita. 2N3904 akasin haka take, emita, bes, kolekta. C945 da 'yar uwarta C1815 kuwa, waɗanda suka cika rediyoyin Japan, emita ce, sai kolekta a tsakiya, sai bes. Baƙin roba iri ɗaya, girma ɗaya, jeri uku. Baba ya cire su ya karkata ƙafafun yadda ya kamata, akwatin ya yi magana nan take. Da an yi musu odar taransista mafi tsada a duniya suka dasa ta a haka, shirun nan dai za su samu.

Na biyun ya fi koyarwa, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. A cikinsa sun sa taransistocin jamaniyam na gaske, da suka samo a wata rediyo ta zamanin da. Jamaniyam yana da wata ɗabi'a: ko ba a ba shi umarni ba, wata 'yar wuta tana yoyo ta cikinsa, kuma yoyon yana ninkawa kusan biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Da'irar Fuzz Face tana son kolektar taransista ta biyu ta zauna wajen rabin batir, kusan bolt 4.5, don siginar ta samu filin hawa da sauka. Da yoyo ya ƙaru, sai wannan ma'auni ya gusa, sautin ya shaƙe, ya riƙa yankewa kafin tsirkiya ta gama kaɗawa. An tsara abin ne a Landan. Mu kuwa muna ƙarƙashin rufin kwano a Legas, inda shago da azahar a watan Maris sai ka cire riga. Wato abin da ya ba su matsala shi ne dai suke roƙon a ƙaro musu da kuɗin waje. Shi kansa kamfanin Arbiter bai fita daga shekarun 1960 ba sai da ya koma silikon, irin su BC108, saboda sun fi tsayawa wuri ɗaya.

Ba za mu ɓoye ba, masu son jamaniyam suna da hujja. Sautinsa ya fi laushi da zagaye, kuma idan mai kaɗi ya rage maɓallin ƙara na jikin gitarsa, gurnanin yakan janye ya bar murya mai tsabta, abin da makaɗa ke matuƙar so. Silikon ɗanye yakan yi tsini a kunne. Amma wannan tsinin ana maganinsa da kayan da ba su kai kuɗin shayi da burodi ba. A zaɓi taransista marar ƙarfin ƙari da yawa, don masu haɗa wannan da'ira sun daɗe suna neman wajen 70 a ta farko, wajen 120 a ta biyu, kuma yawancin mitoci masu araha suna da ramin auna wannan. A ɗora ƙaramar kafasita, kamar 100pF, tsakanin bes da kolektar ta biyu, tsinin zai kwanta. Sannan a cire resista mai 8.2k da ke kan kolektar a sa 'yar resista mai murɗawa ta 10k ko 20k, a murɗa ana kallon mita har a zo 4.5, daga nan kunne ya ƙarasa. Wani ya fi son 5, wani 6. Wannan kuma ɗanɗano ne, ba mai yi wa wani dole.

Akwai kuma maganar jabu. NKT275 an daina ƙera ta tun da daɗewa, kuma duk abin da aka daina yi alhali ana rububinsa, masu buga lamba a jikin gwangwani ba sa barci. Yaro zai tura kuɗi, ya jira wata guda, a kawo masa abin da bai da hanyar tantancewa. Mai mita kuwa cikin daƙiƙa goma zai san aƙalla ko jamaniyam ne: a gwajin dayod, tsakanin bes da emita, jamaniyam yana nuna wajen 0.2 zuwa 0.3, silikon kuma 0.6 zuwa 0.7. Ko da ta gasken aka samu, a cikin tarin tsofaffin nan da yawa yoyonsu ya wuce amfani, shi ya sa masu haɗa su don sayarwa ke sayen da yawa su auna su ware kaɗan. Wanda ya yi odar guda biyu caca ya yi.

Sauran matsalolin da suka yi kuka da su ma duk ba na kayan asali ba ne. Sun ce wani lokaci suna jin tashar rediyo tana magana ta cikin lasifika. Wannan sananne ne a da'irar nan, musamman ta silikon, domin dogayen wayoyi suna zama eriya. A gajarta wayoyin ciki, a sa ƙaramar kafasita daga mashigar sauti zuwa ƙasa. Sun ce akwai gunji da ba ya ɗaukewa. Ai dole, tunda a cikin robar sabulu suka zuba da'irar. Akwatin ƙarfe ake so, a haɗa jikinsa da layin ƙasa, ko gwangwanin alewa ne ya wadatar. Sun ce da suka gaji da sayen batir suka jona wata adafta mai araha sai abin ya kama fito. Irin waɗannan adaftoci masu sauƙin nauyi suna da ƙazantar wuta, faz kuwa duk abin da aka ba shi ƙara shi yake yi. Da'irar ba ta cin wuta, 'yan miliamfiya ƙalilan ne, batir ɗaya zai daɗe matuƙar ana zare igiyar gita bayan an gama, idan an haɗa soket ɗin shiga yadda zai yanke batir. Wanda kuma ya nace sai jamaniyam ya sani cewa yawancinsu PNP ne, layin ƙasansu a kan fositib yake, ba za su raba adafta ɗaya da sauran akwatuna ba sai an yi gajeren haɗi. Kuma faz irin wannan yana son ya zama na farko bayan gita, in ka sa wani akwati a gabansa yakan canza hali.

Abu ɗaya da Baba ya nuna musu wanda muke so kowane mai koyo ya riƙe: igiyar gita da aka yanke kanta ɗaya, a ɗaure wayar ƙasa a jikin da'ira, a sa kafasita a bakin ɗaya wayar, a jona ɗaya kan a ƙaramar amfilifaya. Sai a riƙa taɓa da'irar wuri bayan wuri daga mashiga zuwa mafita ana saurare. Inda sauti ya ɓace, nan ɓarnar take. Da wannan da mita, yaron da ya gane Fuzz Face gobe zai gane amfilifayar masallaci da ta ɗauke ana tsakiyar huɗuba, da lasifikar mai shelar magani, da na'urar masu haya wa biki kayan sauti. A nan ne amsarmu ga iyayenmu masu cewa kuɗin sana'a ba na kiɗa ba ne take. Bolt 9 ba ya kashe mutum, shi ya sa ya dace da koyo. Amfilifaya mai jona wutar gida kuwa, balle mai kwalba, kada yaro ya buɗe ta sai da babba a kansa, don kafasitocinta suna riƙe wuta ko an zare filogi.

Kuma kada yaran su ga kamar an rage musu daraja don an ce su yi da abin da ke hannu. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake cika zauruka a Turai da Amurka, gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke.

Don haka shawarar da za mu kai wa kwamiti a zama na gaba ita ce kada a amince da odar. Da kuɗin da suka nema za a iya shiga Alaba a sayo mita mai ramin auna taransista, da ƙarfen dalma mai kyau, da allon gwaji wanda ake soka kaya ba sai an narka dalma ba, da resistoci da kafasitoci da taransistocin silikon masu isar su ukun, har canji ya dawo. Kayan su zama na ƙungiya, a rubuta su a littafi, a ajiye a shagon Baba, wanda ya yarda zai riƙa zama da su duk ranar Asabar bayan la'asar. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya zo da littafin rubutu, kuma ba zai taɓa akwatin kowa ba sai mai shi ya fara nuna masa awo shida a rubuce, na ƙafafu ukun kowace taransista. Tsofaffin jamaniyam ɗinsu biyu ma ya ce kada a yar, a nannaɗe a takarda a ajiye, idan hannunsu ya faɗa sai su gwada su da safe su kuma gwada da rana, su rubuta bambancin da idonsu.

Wanda yake da ja a kan wannan matsayi ya zo zaman ya faɗa, ƙofa a buɗe take. Wanda kuma yake da matacciyar rediyo a ƙarƙashin gado, ya taimaka ya aiko da ita shagon kafin Asabar.