Wa Da Wa Za Mu Gayyato Faifan Tunawa Da Barmani Coge?

Yau zancen waƙa na kawo muku, ina kuwa roƙon kada wata ta ce malama ta rasa abin faɗi.

A waɗansu ƙasashe, idan babban mawaƙi ya rasu, sai mawaƙan da ya bari su taru, kowa ya ɗauki waƙarsa guda ya sake rerawa da muryarsa, a haɗa su a faifai ɗaya. Haka aka yi wa Fela na Legas. Ya rasu a 1997, a 2002 mawaƙa daga Amurka da Afirka, cikinsu har da ɗansa Femi da Baaba Maal na Senegal, suka fitar da faifan tunawa da shi, aka sa kuɗin wajen yaƙi da cutar ƙanjamau. A 2009 aka shirya wasan kwaikwayo na kiɗa da rawa a kan rayuwarsa a birnin New York, a 2011 aka kawo wasan Legas. To, mu fa? A ganina, idan akwai wadda ta cancanci irin wannan a wurinmu mata, Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ce, wadda ta rasu a Funtuwa cikin watan Maris na 2013.

Ku 'yan mata, watakila waɗansunku sunanta kaɗai kuka sani. Kiɗanta amada ne, watau kiɗan ƙwarya. A kife ƙore, wata a ƙasa, wata a kan ruwa, mata su zauna su yi ta kaɗawa, ita tana bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Kafin ita an yi Uwaliya Mai Amada a Kano. Abin da Barmani ta yi waƙa a kai shi ne abin da ke cikin ɗakunanmu: kishi, haihuwa, neman na kai, da burin zuwa Makka. Tun kafin a fara tara mu a sakatariya ana yi mana lacca a kan dogaro da kai, ita ta riga ta yi A Kama Sana'a Mata.

Da za a ba ni wuƙa da nama, wannan waƙar ta sana'a Fati Nijar zan ba. 'Yar Maraɗi ce da ta zo Kano ta yi suna da muryarta, saboda haka ta san abin da waƙar ke nufi, kuma tana da ƙarfin muryar da ƙwarya ba za ta danne ba. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin ƙwarya huɗu in suka ɗauka, mai siririyar murya sai ta ɓace.

Waƙar kishiya ita ce mai wuya. Ba murya kaɗai take so ba, tana son wadda ta iya habaici, ta jefa magana tana murmushi, har wadda aka yi domin ta ta tashi ta taka rawa ba ta sani ba. Nan Maryam Fantimoti na zaɓa. Na san akwai masu cewa a bar wannan waƙa, wai tana hura wuta tsakanin mata. Ni ban yarda ba. Wutar tana nan tun kafin a haifi Barmani, kuma matar da ta yi dariyar kishi a gidan biki ta fi wadda ta haɗiye shi ta koma gida da shi. Waƙar haihuwa kuwa sai Maryam Sangandale, Murja Baba ta ɗauki ta alhazai. Cikin 'yan baya zan sa Shamsiyya Sadi, domin sa'o'inku 'yan makaranta su ji muryar da suka saba da ita, su tsaya su saurara. Da Allah ya bar mana Hamsu Garba ta Nijar, da ita zan ba buɗe faifan, amma ta rasu a 2022.

Maza fa? Su yi mana haƙuri. Suna da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Maraya Jos, duk sun rasu, in suna son faifan tunawa ga aiki nan jibge yana jiransu. In ya zama dole, Aminu Ala ya rubuta mana tarihinta a bangon faifai, ya tsaya daga zaure.

Amma fa duk waɗannan da na lissafa rabin aikin ne. Amada ba ta yiwuwa sai da 'yan amshi da makaɗa, su kuwa ba a ɗakin ɗaukar waƙa na birni za a same su ba. Suna nan ƙauyukanmu, daga Rano zuwa Rurum, daga Kibiya zuwa Tarai. Kowace ɗayanku ta san wata tsohuwa a unguwarsu wadda in ta zauna gaban ƙwarya ran suna, sai mai jego ma ta manta da ciwon jikinta. Yanzu ba a kiransu. Biki ya zama na mai lasifika da janareta, namiji ya shigo har tsakar gida ya kunna abin da ya ga dama, matan da ke da kunya su koma ɗaki su zauna. Na tambayi 'yan ajina ko wa ta iya kaɗa ƙwarya, sai suka yi ta kallon juna suna dariya, kamar na ce wa ta iya saƙar zane. Saboda haka sharaɗina shi ne a kawo na'urar ɗaukar murya nan, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗauki waɗannan iyaye namu da hannuwansu, a kuma rubuta sunan kowace a bangon faifan. Ban da fiyano, ban da gyaran murya da kwamfuta. In masu kuɗin sun matsa, a ba su waƙa ɗaya tak su yi zamaninsu a kanta.

Akwai kuma masu cewa ai waƙoƙin Barmani da batsa. Gaskiya ne akwai waɗanda ta yi domin taron matan aure kaɗai, inda babu namiji babu yaro. Waɗannan a bar su inda ta bar su. Faifan da zai shiga kowane gida sai a zaɓa masa abin da uwa za ta ji tare da 'yarta, kuma akwai su da yawa.

Saura maganar kuɗi, kada a yi mana wayo. Mun ga yadda Magajiya Ɗambatta ta ƙare, wadda muryarta ta cika rediyo a da. Ta makance har ta kai ga bara, sai daf da rasuwarta a 2021 jama'a suka yi mata karo-karo. Kafin a buga ƙwarya ɗaya, a zauna da 'ya'yan Barmani a nemi izininsu, a rubuta rabonsu a takarda da shaidu, a rubuta na makaɗan ƙauye su ma. Kada a sallame su da goro da kuɗin mota.

Wannan nawa jerin ke nan. Wadda take ganin na yi son kai, ko na tsallake wata, ta rubuto nata ta hannun edita. In akwai mai kaɗa ƙwarya a garinku, ku faɗa mana sunan garin.