Zumunci A Ƙafa Yake, Ƙyanda Kuwa A Iska Take

Hausawa kan ce zumunci a ƙafa yake, kuma ba mai musun haka a ƙasar da ake auna mutuncin mutum da halartar suna, da biki, da ta'aziyya, da dubiya. Sai dai ƙafar da ke kai gaisuwa ita ce kuma takan kai cuta. Babu ciwon da ya fi nuna haka kamar ƙyanda, wadda iyaye mata ke sakaya sunanta da baƙon dauro.

Wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairas ke kawo ƙyanda, kuma ta iska take bi. Idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa, ƙwayar kan iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan fitarsa. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, kimanin 9 za su kamu. Abin tsoron shi ne yaro kan fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su feso masa, lokacin da ba a ganin komai sai zazzaɓi, da tari, da majina, da jan ido, har a ɗauka mura ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

To, a dubi ɗakin mai jego ranar suna, musamman da hunturu. Taga a rufe, labule a sake, mata sun cika ɗaki, kusan kowace da goyonta. Da yawa cikin goyon nan ba su kai wata 9 ba, wato lokacin da ake yi wa yaro allurar farko a Nijeriya. Yaro ɗaya mai wannan "mura" ya isa ya raba ciwo gida gida kafin a watse.

Maganin abin ba shi ne a daina taruwa ba. Kullen korona da aka yi a Kano a 2020 ya nuna cewa jama'a ba za su iya jure rufe ƙofa na dogon lokaci ba. Abin da ya kamata shi ne a gyara yadda ake taruwar. Na farko, duk mai zazzaɓi da tari, yaro ko babba, ya zauna gida, a aika da gudummawa, a yi gaisuwa ta waya. Na biyu, a fitar da tabarmi tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, in kuwa dole ne a zauna ɗaki, a buɗe taga da ƙofa, domin iska mai kai da komo tana kwashe ƙwayar. Masu dubiya su taƙaita zama, su bar jarirai a gida. Na uku, a kai yara rigakafi sau biyu, a wata 9 da wata 15. Sai kashi 95 cikin 100 sun samu alluran biyu sannan ƙyanda kan rasa hanyar yawo a gari.

Wasu za su ce ai mai biki zai ji haushi, dangi kuma su ce ana ƙyamarsu. Gaskiya ne, amma haushin yini guda kan wuce da ban haƙuri, ƙyanda kuwa tana iya barin yaro da makanta, ko kurumta, ko ta kai shi kabari. Wanda ya ƙi kawo yaro mai zazzaɓi ɗakin jariri shi ne ya fi kowa riƙon zumunci.

Ɗalibai da malamai na da rawar takawa a nan, domin aji ma wurin taruwa ne. Ya kamata malami ya tabbatar tagogi a buɗe suke, ya kuma sallami ɗalibi mai zazzaɓi zuwa asibiti ba tare da tsangwama ba. Shi kuma ɗalibi, in ya koma gida, ya nemi katin rigakafin ƙannensa, ya karanta wa iyaye ranar da aka rubuta za a koma.